Ranar da Ƙwaƙwalwar Famfo Ta Zama Fanko

Hanyar Randagi ta gajiyar da ni tun kafin aikin kansa ya gajiyar da ni. Amma ni na haɗa na'urar da ke kunna famfon sola na wani ƙauye a can, don haka duk ranar da ta yi gardama ni ake aiko wa.

A cikin na'urar akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa baƙa, ba ta kai farce ba. Ita ke riƙe da umarnin da na rubuta mata: in rana ta yi ƙarfi ta kunna famfo, in tanki ya cika ta kashe. Yawanci barci take don kada ta cinye batir, kuma a barcin nan ko an cire mata wuta ba ta manta komai. Rauninta ɗaya ne, lokacin da ake sa mata sabon umarni. Sai ta goge tsohon tukuna, kamar mai yaye rufin ɗaki kafin ya yi sabo. In wuta ta ɗauke a tsakani, ba tsoho, ba sabo.

Ranar na je ne saboda famfon ya koma kashe kansa tun tanki bai kai rabi ba. Na isa da hantsi, bayana kamar an daka, na jona kwamfuta. Dattijon da ke kula da famfon ya zauna gefen batir yana kallona.

Na ce, "Baba, kada kowa ya taɓa wayar batir ɗin nan sai na ce."

Ya ce, "To, ɗana."

Na danna. Ƙwaƙwalwar ta goge abin da ke cikinta, ta fara karɓar sabo. Sai ga ƙarar babura daga wajen daji.

Mutanen ƙauyen suna da dokarsu tun da aka fara kai musu hari: in aka ji babura da yawa, a cire wayar batir, don kada gurnanin famfo ya tona cewa akwai mutane a wurin. Dattijon ya daɗe yana yin haka, hannunsa ya riga tunaninsa. Kafin in buɗe baki ya fizge wayar, alhali famfon ma a kashe yake.

Ashe 'yan ƙauyen ne suka dawo da taki daga kasuwa.

Na mayar da wayar, na gwada, na sake gwadawa. Shiru. Har sashen da ke karɓar umarni daga kwamfuta ya goge, kuma abin da zai farfaɗo da ita yana shagona a Birnin Gwari. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, sai na ga dattijon ya durƙusa yana sake duba wayar batir. Na haɗiye sauran maganar. Gajiya ce kawai ta rufe ni.

Ya ce, "Yaushe za ka dawo, ɗana?"

Na ce, "In hanya ta yi kyau, Baba."

Ni da shi mun san hanyar ba ta da alkawari.

Ina ɗaure kaya a babur mata suka fara fitowa da jarkoki, suka nufi rafin bakin daji, wanda suka daina zuwa tun da aka ɗauke mutane a can. 'Yar dattijon ce a gaba, da goyo. Dattijon bai raka ni ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi bayansu.