Adireshin Sahabi

Jama'a, wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne, wallahi a gabana aka yi shi, shekarun baya lokacin ina yawon haɗa intanet tsakanin Sabon Birni da Isa.

Wani Alhaji Ummaru ya kira ni shagonsa a Isa, inda ɗalibai ke rajistar jarrabawa, ya sa sabon modem, na'urar da ke jawo intanet, amma kwamfuta ɗaya ta ƙi shiga. Yadda abin yake, akwai babbar na'ura da muke kira saba, ita ke raba wa ƙananan kwamfutoci adireshi, kowace da lambarta, kuma biyu ba sa haɗa lamba ɗaya. Da na duba sai na ga wadda ta ƙi shigar tana ƙorafin wani ya riga ta riƙe lambar. Wanda ya haɗa musu tun farko ya sa wa kowane adireshi sunan ma'aikacin da ke zama wurin, wannan kuwa an rubuta Sahabi.

Na kashe kwamfutocin duka, na zare wayoyinsu, na rufe wayales, wato hanyar haɗi marar waya, sannan na ƙwanƙwasa adireshin daga saba, wato na aika masa saƙon gwaji. Ya amsa. Na sake, ya sake amsawa tsaf, alhali ba abin da ke kunne a shagon sai saba da modem. Kai!

Na ce, "Alhaji, bari in goge sunan nan in ƙwato lambar."

"A'a Injiniya, bar shi. Sahabi ƙanena na. Tun bara 'yan bindiga sunka ɗauke shi hanyar Turba, ba mu ji ya rasu ba, ba mu yi zaman makoki ba. Ba a rabon gadon mai rai."

Ashe ya daɗe da sanin abin. Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa, in ya amsa, ya je ya gaya wa mahaifiyarsu Sahabi na nan da ransa.

Ni dai aiki ya kawo ni, na ce to za a ba kwamfutar wata lamba. Na kunna ta bayan la'asar, ban kai ga rubuta komai ba, layukan amsar adireshin Sahabi na ta gangarowa a allon saba, sai kawai suka tsaya cak. Na rantse ban taɓa komai ba. Kwamfutar ta karɓi lambar da kanta, intanet ya kawo, ɗaliban da ke layi suka hau murna.

Alhaji ya ce, "Sake ƙwanƙwasawa, Injiniya."

Na sake, aka amsa, amma yanzu kwamfutar da ke gabanmu ce ke amsawa, shi ma ya gane. Ya yi salati a hankali, ya ce wa wani maƙwabcinsa, "A tai gida a shimfiɗa tabarmi. Ni za ni faɗa ma Inna."

Har na bar ƙasar ban ji an kawo labarin Sahabi ba. Masu wannan sana'a, in kun tarar da adireshi na amsawa ba kowa a kai, ku tambayi masu wurin kafin ku taɓa, wataƙila shi kaɗai ya rage musu.