"Ba Komai" ɗin Inna Kande

Wata rana mai unguwarmu ya aiko a ce duk wanda gidansa yake maƙwabtaka da cocin layinmu ya fito taro.

Cocin ya yi wa masu shi kaɗan. Ran Lahadi har a bakin titi ake jera benci. Sun daɗe suna neman izinin faɗaɗa ginin daga hukumar tsara gari, abu ɗaya ya rage: jami'in hukuma ya ji daga bakin maƙwabta cewa sun yarda.

Gidana yana kallon cocin, don haka na je.

Jami'in ya shimfiɗa zanen gini a kan tebur. Na duba da kyau, amma gaskiya layuka kawai na gani. Ban gane ina ne gabas ba, balle inda sabuwar katanga za ta tsaya.

Aka fara tambayarmu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi maganar lasifika, aka yi masa alkawarin za a rage ƙara. Wani ya kawo batun wurin ajiye motoci, aka daidaita.

Sai aka zo kan Inna Kande, wata tsohuwa da gidanta yake can ƙuryar lungun da ke bayan cocin.

Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafinta, ta ce, "Ba komai."

Jami'in ya ce madalla, kowa ya yarda ke nan. Ya fara naɗe zanensa. Matan coci har sun soma guɗa.

Sai Fasto Habila ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, a dakata tukuna."



Ni dai na rasa gane kan abin. Mutumin da ya yi ta sintiri a ofis yana neman izinin nan, shi ne kuma yake cewa a dakata? Jami'in ya kalli mai unguwa, mai unguwa ya kalli dattawan coci, su kuma suka kalli juna. Wata a bayana ta raɗa mini, "Ko dai bai ji abin da ta ce ba ne?"

Fasto ya je gaban tsohuwar ya durƙusa.

"Inna, wannan ba komai ɗin, na baki ne ko na zuci?"

Can ta ce, "Ɗan nan, kullum a famfonku nake ɗiban ruwa. Da wane bakin zan ce akwai komai?"

A hankali maganar ta fito.

Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Idan za a kai shi asibiti, ta wannan lungun mai keke napep yake shigowa har ƙofar gida a ɗauke shi. Sabuwar katangar kuwa za ta cinye rabin lungun. Filin na coci ne, babu mai musu. Amma in an gina, mutum ɗaya ne kawai zai iya ratsawa, shi ma a karkace.

Ita ta gane haka tun ranar da aka kafa turakun shaidar inda katangar za ta bi. Mu da muke leƙen zane ba mu gane ba.

Jami'in ya ce, "To ni yanzu me zan kai ofis? Ta ce ba komai, kuma akwai komai?"

Fasto ya ce a ja katangar baya.

Jami'in ya yi gargaɗi: in an taɓa zane, neman izini ya koma farko. Fasto ya ce ya ji.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wani dattijon coci ya fice yana faɗa. Har yau da nake wannan rubutu izinin bai fito ba, bencin Lahadi yana nan a titi. Mai keke kuma yana shiga lungu.

Kwanaki na haɗu da Fasto a bakin famfo. Na ce, "Fasto, ya haƙuri da wannan jira?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai."

Na dawo gida ina ta tunani. Har yanzu ban san wane iri ba ne.

Darasi: Ba kowane "ba komai" ne yarda ba. Wani kunya ce take rufe masa baki, wani kuma alherin da ka yi masa. Idan abin da kake nema zai taɓa rayuwar mutum, kada ka tsaya a amsarsa ta farko. Dubi fuskarsa, ka sake tambaya.

Ku tura wa wani, musamman wanda kuka san ya cika cewa ba komai.