Sifilin da Gwaggo Taifis ta saka

Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga takardu a ofis, shi ya sa har jikokinta Gwaggo Taifis suke ce mata. Da aka kwashe tafireta aka jibge a sito, abokan aikinta suka koma gida. Ita kuwa ta shiga ajin kwamfuta, ta zauna cikin sa'o'in 'ya'yanta, ana yi mata dariya tana tambaya. Shekara shida bayan nan, wani ƙaramin kamfani mai ƙera na'urar auna jarirai ya ɗauke ta aikin gwaji.

Na'urar tana da nata ɗan tsarin aiki, wanda jigonsa ake kira kanel. Shi ke tayar da kowace manhaja: ya tanada mata wuri, ya cika rajista, wato 'yan guraben da furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, ke riƙe lambobi a ciki, sannan ya sakar mata ragama. Matsalar ita ce manhajar awon takan yi aikinta lafiya lau, amma wajen rufewa sai na'urar ta daskare. Ba kullum ba. Kwana tara Oga, babban injiniyansu, yana tonon ƙarshen manhajar, har ya rame.

Gwaggo ta sa na'urar ta riƙa fitar da abin da ke cikin rajista a duk tashi. Ta buga tashi arba'in a takarda, ta ɗora rula, ta bi layi-layi da jan biro.

Ranar Laraba da hantsi ta ajiye takardun a teburinsa.

"Oga, ciwon ba a ƙarshe yake ba, a farko yake."

"Gwaggo, don Allah, kaina ya ɗau zafi."

"To sanyaya shi ka duba nan. Duk tashin da wannan gurbin yake sifili, lafiya aka rufe. Duk wanda kanel ya bar tarkacensa a ciki, an daskare. Manhajar tana ɗauka tarkacen nan adireshin aikin da za ta yi kafin ta rufe ne, sai ta tafi can ta faɗa rami."

Oga ya gyara tabarau. Ya bi jan biron har ƙasa, ya sake hawowa.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Littafin da kuka tokare ƙofa da shi."

Ya tura mata kujerarsa. Da yatsunta masu saurin nan ta ƙara layi ɗaya, wanda zai share gurbin ya koma sifili kafin a miƙa ragama. Aka tayar, aka rufe, sau ɗari uku. Ko gezau. Ɗakin ya kaure da tafi, mai haɗa wayoyi har da buga tebur da sukundireba.

Daga ranar aka damƙa mata sashen tayar da manhaja gaba ɗaya. Da yamma ta ba maigidanta labari tiryan-tiryan. Ya saurara da kyau, ya ce, "Wato duk wannan murnar a kan sifili ɗaya ce?"

"Ɗaya tak, Malam," in ji ta, tana cire takalmi. "Amma ni na san inda za a sa shi."