Fuskar da Na Fitar Daga Ɗakin Wanka

Ni mai zane ne a Daura. A lokacin ina saurayi mai ji da kai, ina fitar da ɗan littafin labari cikin zane, ina kuma saka shi a waya. Akwai wani mai sharhi a zauren masu karatu da ya sa ni gaba. Ya rubuta cewa mamatan cikin zanena kamar masu barcin rana suke, wai da gani ban taɓa ganin gawa ba. Wallahi maganar ta ci min rai.

Ana cikin haka aminina ya faɗi da babur a hanyar Mashi, rai ya yi halinsa. Mahaifiyarsa da kanta ta ce a sa ni cikin masu wanka, tunda tare muka tashi. Liman ya ja kunnenmu cewa abin da ido ya gani a ɗakin nan, a nan ake barinsa. Na kuwa gani: idon hagu ya ƙi rufuwa, leɓe ya ɗage kamar zai kira wani. Ko sadakar arba'in ba a yi ba na zana fuskar nan a sabuwar fitowa, hula kawai na canza masa. Mai sharhin ya yaba, ya ce yanzu hannuna ya faɗa.

Ashe ƙanwar mamacin ta nuna wa mahaifiyarsu zanen. Tsohuwar ta aika aka kira ni. Ba ta yi kuka ba. Ta ce an gaya mata ɗanta ya tafi fuska a sake, da wannan take samun sanyi, sannan ta miƙo min wayar ta tambaye ni ko haka ya tafi. Na sunkuyar da kai.

Tun ranar, duk fuskar da na zana, ko ta jariri ko ta amarya, sai idon hagu ya fito a buɗe yana kallona, leɓe a ɗage. Na goge, na sake, na canza alƙalami, ina! Tsoro ya sa na daina. Yanzu allon shaguna nake rubutawa, haruffa zalla.

'Yan'uwana masu zane, zafin suka yana wucewa, kada ya tura ku tona abin da aka ba ku amanar rufewa. Mai sharhin nan ya manta da ni tuntuni. Tsohuwar kuwa har gobe tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake kallon fuskata ba.