Ƙullin Bakin Zanena

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Abin da Allah ya ba ni baki ne. A Yola aka haife ni, aure ya kawo ni Jimeta, unguwar Luggere, kuma tun ina amarya yaran layinmu suka san tabarmata. Na ba 'ya'yana tatsuniya, na ba 'ya'yansu, har na ɗauka babu dodon da ya rage wanda ban san ƙofar gidansa ba. Sai da na tsufa jikata ta nuna mini wani.

Jikar nan 'yar babban ɗana ce. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kama sunan, "uwata" nake ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Ba ta da yawan magana. In ta dawo daga aiki sai ta zauna gindin mangwaron tsakar gida, ta sunkuyar da kai a kan waya, yatsunta na ta motsi kamar mai tsince shinkafa.

Wata Juma'a cikin bazara, irin zafin nan na Jimeta da ke sa kaji buɗe baki, ubanta ya shigo ɗakina bayan an sauko daga masallaci. Ya tsuguna, ya ajiye wayar a gabana.

Ya ce, "Dada, ki riƙe wannan. Ashe littafi take rubutawa a ciki, tana aika wa mata kaɗan-kaɗan. Matar wani abokin aikina ta karanta. Wai tsafi ne zalla, da maganganun da ba su dace da 'yar gidan mutunci ba. Na ce ta goge, ta ce sai dai in goge da hannuna. To ke ce babba. In kin ce a goge, a goge, ta kuma daina har abada."

Ita tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Dada, aikin shekara biyu ne. Rabinsa ban aika wa kowa ba, babu shi a ko'ina sai cikin nan."

Gaskiya na ji tsoron wayar. Ban yarda ta zauna mini a ɗaki ba. Na kai ta madafa, na sa ta cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa, na rufe da faifai, na ɗora dutse. Kwana biyu tana nan. Sai zuciyata ta ce mini, ko ɓarawon akuya ba a yanke masa hukunci ba a ji bakinsa ba.

Ranar Lahadi ba ta aiki. Bayan azahar na shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, na aika ta ɗauko wayar. Ta dawo tana dariya, tana goge toka. "Dada, dafa ta kika so ki yi?" Sai da muka jira ta yi caji.

Kafin ta fara na kama bakin zanena na ƙulla. A gidanmu ba a tatsuniya da rana. In dole ta kama, sai a ɗaure ta da ƙulli don kada ta bi mutum, kuma ba a kwancewa sai an rufe ta.

Ta ce, "Wannan fa ba na yara ba ne, tsohuwa. Kada ki suma mini, yau ba na duba marasa lafiya."

Na ce, "Tafi can. Na binne dodanni tun ba a haifi ubanki ba. Ta zo mu ji."

Labarin wani gari ne a bakin kogi, wanda ruwa ke cinye wa gidaje duk damina. Sai wani mai fito ya sauka a garin, mai asiri. In ya kafa gorar tuƙinsa a gaɓa, ko ruwa ya kai ina ba ya wuce ta. Garin ya huta, aka gina masa gida, manya suna tashi tsaye in ya shigo. Amma asirin yana da abincinsa. Yakan aika a kira macen da ya ga dama, matar aure ko bazawara, ya yi mata abin da baki ba ya iya faɗa. Daga nan ya sa ta a jirginsa, ya ƙetare da ita, ya dawo da ita. Duk wanda ya shiga jirgin nan, ruwa na shanye abin da ya same shi a ranar. Sai ta koma gida ta hura wuta, ba ta san komai ba. Illa iyaka in ta ji ƙarar gora a ruwa, jikinta ya ɗauki rawa, tulu ya suɓuce mata.

Mazan garin sun sani. Wasu ma su ke rako matan har gaɓa, su juya baya suna duban gonakinsu da ruwa bai taɓa ba.

Ban san lokacin da na daina fifita ba. Dodannina duka a daji suke, da ƙaho, da wutsiya, yaro na ganinsu ya san abin gudu ne. Wannan kuwa a sahun gaba yake zama, ana kai masa gaisuwa. Na dubi yarinyar da na goya, na tauna wa abinci, ina mamakin inda gari guda da koginsa ya sami wurin zama a cikinta.

Wuni uku muna zama, biyun ƙarshe in ta dawo daga aiki da la'asar. A na biyu ta kawo wata mata mai kaɗin auduga cikin labarin. Ita wannan ta lura cewa duk ranar da aka ce mai fito na kira, sai ranar ta ɓace mata. Sai ta riƙa ƙulla zare a ƙugunta kafin ta fita. Wata rana ta duba, ta ga ƙulli bakwai, ba ta tuna ko ɗaya.

Na kalli bakin zanena. Jikata ta ce, "E, Dada. A wurinki na samo shi."

A nan ne wani abu ya taso mini. A gidan da na tashi a Yola akwai wani dattijo mai ba da taimako, ana zuwa wurinsa daga nesa, albarkacinsa gidan ke ci. Akwai kuma wata goggona da aurenta ya mutu ta dawo gida, ita aka sa kai masa abinci. Wata rana ina ƙarama na ga ta fito daga ɗakinsa ba kallabi, tana toshe bakinta da hannu. Na ruga na gaya wa mahaifiyata. Ta kama kunnena ta ce, "Ba ki ga komai ba." Bayan haka goggo ta daina magana, kwano na faɗuwa daga hannunta, aka ce iska ce ta taɓa ta. Ni kuwa na manta. Na yi aure, na haihu, na yi jikoki, ban tuna ba sai a kan tabarmar nan. Ashe ni ma an sa ni a jirgin.

Ban gaya wa jikata ba a ranar. Abin da na tambaye ta shi ne, "Uwata, dubi idona. Wani ya taɓa ki?"

Ta ce, "Ba ni ba, Dada. Matan da nake wanke wa rauni ne. Mace ta zo, in tambaye ta, ta ce faɗuwa ta yi. Wanda ya rako ta yana tsaye yana gyaɗa kai. Ba ni da ikon faɗin sirrin kowa, shi ya sa na gina musu gari."

Ranar Asabar da hantsi na aika aka kira ubanta. Na sa ta karanta masa wurin ƙulli bakwai. Ya saurara kansa a ƙasa, yana jan carbi, har carbin ya tsaya.

Ya ce, "Na ji, Dada. Amma tsafin fa? Kuma mutane na magana."

Na ce, "Da Gizo da dodo na yaye ka. Wanne ka taɓa bauta wa? Wadda ta ƙera boka don a ga muninsa ba almajirarsa ba ce. Mutane kuwa, ai ka ji abin da tsoron bakinsu ya yi wa garin can."

Na ɗaga masa bakin zanena. "Ka ga wannan? An buɗe ta a gidana, kuma ba a barin tatsuniya a buɗe, dodo na yawo a cikinta. Sai ta rufe abarta."

Ya mayar da carbinsa aljihu. Sannan ya ce, "Abin da kika ce, Dada." Ba da daɗin rai ya faɗa ba, na san ɗana. Ya roƙi kada sunan gidanmu ya fito a ciki, ta ce dama da wani suna take aikawa. Ya tashi ya sa takalminsa. Na miƙa mata wayar da hannuna.

Ba ta gama ba sai ƙarshen damina, lokacin da Binuwai ya cika har masu gonakin gaɓa suna kwashe masara a kwalekwale. Duk watannin nan zanen na tare da ƙullinsa, da shi ake wanke shi, da shi ake shanya shi. Kullum ina ce mata, "Ki ba kada mai fiton nan ya cinye." Ta ce, "Kadan ma yana da hakki, tsohuwa."

Ga yadda ta rufe. Mai kaɗi ta koya wa mata ƙullin. Rana ɗaya suka fito gaɓa, kowace da zarenta a hannu, suka nuna wa juna, suka taru suka tuge gorar. Ruwa ya shigo ya ci rabin garin, har da gidan mai kaɗin. Duk abin da kogin ya shanye ya dawo wa masu shi, mata na kuka a kan tudu, maza sun kasa ɗaga kai. Mai fito bai mutu ba. Ya tsufa a bakin ruwa, mutane na wucewa, babu mai ce masa sannu.

Na ce, "Shi ke nan? Ba ki kashe shi ba?"

Ta ce, "In na kashe shi sai mutanen garin su ce an gama. Na fi son su riƙa ganinsa duk safiya."

Na tuna namu dattijon, ranar jana'izarsa layi bai ɗauki mutane ba.

Na jawo bakin zanen. Ƙullin ya sha ruwa da rana ya ƙanƙame, yatsuna suka kasa, sai da na sa sauran haƙoran da Allah ya bar mini. Da ya kwance na ce mata, "Ajiye wayar nan ki matso. Ina da wata goggo da ba ki taɓa jin labarinta ba."