Wa Ya Kashe Gargaɗin?

Ko da zan tsufa har in riƙa manta sunayen jikokina, ba zan manta makon da na kusa raba wani dattijo da hanyar cin abincinsa ba.

Lokacin ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a Zuru. Akwai babbar kwamfuta da ke riƙe da sakamakon gwajin marasa lafiya, da wata manhaja mai gadinta. Duk abin da ya tsaya cak a ciki, sai ta turo mini gargaɗi a waya. Yawancinsu shirme ne. Manhajar firinta kaɗai takan suma sau goma a wuni, ta farfaɗo da kanta.

Wata Litinin likita ya nemi gwajin wata mata da ta zo tun daga Dirin Daji, aka duba, babu. Ashe manhajar adana sakamako ta mutu mako uku, ko saƙo ɗaya ban samu ba. Da na bincika, sai na tarar an kashe gargaɗin gaba ɗaya, kuma da hannu aka kashe shi.

Nan take zuciyata ta tafi kan mutum ɗaya, wani tsohon soja ɗan Dabai da ke shigar da sunayen marasa lafiya. Saje muke ce masa. Ya yi aikin sadarwa a soja, ya san kwamfuta fiye da yadda nake so, ga shi da tambaya. Me yake nema da yake yawan leƙa ɗakin babbar kwamfuta? Me ya sa ya taɓa ce mini wayata ta cika kuka? Na tabbata kujerata yake hari, har gaisuwarsa ta koma mini shaida. Na je wa likita, ban kama suna ba, amma na yi yadda zai gane.

Likita ya kira mu ofis. Ya ce, "Saje, in kai ne, aje makulli yau."

Dattijon ya miƙe tsaye ƙyam. "Likita, ban taɓa ba. Amma na'ura tana rubuta wanda ya taɓa ta. Ɗana, buɗe mu gani."

Na san da wannan rajistar sarai, ban dai duba ba, don na riga na gama shari'ata. Na buɗe har da murmushi. Sunana ne ya fito, daga wayata, ranar Juma'a da hantsi.

Sai abin ya faɗo mini. Ranar ina Wasagu zaman makokin kawuna. Ana tsakiyar addu'a wayar ta yi ta kuka, manya suna hararata. Na lallaɓa ta a ƙarƙashin riga zan kashe gargaɗin firinta, na kashe duka, na shafa fatiha, na manta.

Likita ya juyo kaina, amma Saje ya riga shi magana. "Ranar yana makokin kawunsa, Likita, kuma wanda ke makoki ba ya cikin hankalinsa. Takardun gwajin suna nan, na tara su a kwali."

Kwana huɗu yana karanto mini ina bugawa. Bai taɓa tada maganar ba, kuma wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga nan, in abu ya lalace, kafin in nemi hannun wani a ciki, nawa nake fara dubawa.