Wutar Ɗakin Yayata a Najma

Gari bai gama wayewa ba muka bar Jos, ni da wata 'yar cocinmu da ta samu aikin shara a Doha. Hanyar Akwanga ta jijjiga mu son ranta, har na ji tsoron accar da na ƙulle wa yayata za ta zama gari kafin Abuja. Yayar tawa nas ce, shekararta takwas a Doha. Mijinta mai gyaran iyakwandishan ne, sai bara ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ya sa ta aiko mini da tikiti in je in kama mata na mako uku.

Filin jirgin Doha sanyi kamar Jos a Disamba. Ina fita ƙofa zafin Mayu ya buge ni kamar na leƙa tanda. Motar kamfani ta kwashe abokiyar tafiyata, ban sake ganinta ba.

Unguwar Najma, inda yayata take zaune, ba ta yi kama da Dohar da muke gani a hoto ba. Gidaje ne a cushe, da shagunan canji, da ƙamshin shinkafar Indiyawa a kowane lungu. Shayin madara riyal ɗaya, shi kaɗai na iya saye ban fara juya kuɗin zuwa naira ba. Ɗakin yayata guda ne a wani gida da aka yayyanka da katako, ga iyakwandishan a taga yana gurnani. A kan gado na tarar da mijinta, ya rame, murmushinsa ya karkace gefe guda.

Hayarsu za ta ƙare a ƙarshen wata, wakilin mai gidan kuma ya ba su zaɓi biyu. Ko su ci gaba da biyan abin da mitar wutarsu ta ci, ko a haɗa wuta da haya a tsayayyen farashi na shekara guda, mai tsada. Maƙwabcinsu, wani direba ɗan Zangon Kumasi, ya ce ta tsaya a mita, ai da sanyi kusan kyauta ne. Wata nas kuma ta ce ta tuna zafin Yuli da Agusta, ga raɗe-raɗin ƙarin farashi da ba wanda ya san gaskiyarsa. Yayata ta rasa na ɗauka, domin tsayayyen farashin zai ci kuɗin makarantar kwana ta babbar 'yarsu da ke hannun mahaifiyarmu a gida.

A mako na biyu, yayata tana wurin aiki, na tafi unguwar Al Asmakh sayen tsaraba. Rana ta kore ni, na dawo tun kafin azahar. Ina buɗe ƙofa na ji shiru. Iyakwandishan a kashe, ɗakin ya ɗauki zafi, mijin yayata kuma yana kwance sharkaf da gumi, leɓɓansa sun bushe. Na kunna, na ɗaga kansa na ba shi ruwa. Da numfashinsa ya daidaita ya riƙe hannuna.

"Ƙanwata, kada ki gaya mata. Aikina ne, na san abin da abin nan ke ci a awa ɗaya. Ba na kawo komai, ba zan kwanta ina ƙona mata albashi ba."

Ashe tun watan jiya yake haka, duk ranar da aka bar shi shi kaɗai.

Na yi ta juya maganar har yamma, sannan na gaya mata a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan matakala da kayan aikinta a jiki. Washegari ta kira wakilin ta sa hannu a tsayayyen farashin, ta ajiye takardar a ƙirjin mijinta.

"Khalas, magana ta ƙare. Ko ka kashe ko ka kunna, kuɗin ɗaya ne. Ka bar shi a kunne."

Ya juya fuskarsa bango. Har na bar ƙasar bai ƙara yi mini magana ba, sai ranar tafiya da ya miƙo mini hannun hagu ya ce in gaida yara.

Na iso Jos ana ruwan sama, na wuce gidan mahaifiyarmu kai tsaye, domin ni aka ɗora wa gaya wa yarinyar cewa zangon gaba za ta koma makarantar jeka-ka-dawo. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambaya ko babanta yana cin abinci. Na ce yana ci.

Da can ina ɗauka zaɓin farashi lissafi ne kawai, mai ƙwaƙwalwa ya zauna ya gano mai araha. Yayata ta san wanda ta ɗauka zai fi tsada, ta kuma ɗauka da idonta a buɗe, saboda da shi ne kawai za ta iya fita aiki ba tare da tsoron abin da za ta tarar a ɗaki ba.